Kurakuran da ke jawo wa jariri laushin ƙashi

Ƙashin jariri da sinadaran kalsiyam da fosfet yake ƙwari, kuma hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, ƙashi na ci gaba da tsawo amma ba ya tauri, kamar ginin da aka yi wa rowar siminti. Wannan ita ce cutar rikets, kuma yawanci ana iya kauce mata.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa nonon uwa ya wadatar da komai. Nono ba shi da na biyu, kada a daina bayarwa, amma bitamin D ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, balle idan ita uwar tana da ƙarancinsa tun tana da ciki. Matsayar da ƙwararru na duniya suka fitar a 2016 ita ce a ba kowane jariri ɗigon bitamin D yunit 400 kullum, daga haihuwa har ya cika wata 12, mai ciki kuma ta samu yunit 600. Bakwaini ya fi kowa buƙatar a kula da wannan. Matsalar dai ba a farawa take ba: ana saya da zumuɗi, a ba da na sati biyu, kwalbar ta ɓace a cikin kayan jego. Ajiye ta inda ake yi wa jariri wankan safe ya fi kowace tunatarwa aiki.

Sai masu cewa ai akwai rana. Fata na haɗa bitamin D da hasken rana, gaskiya ne, amma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin, tufafi na tare shi, kuma baƙar fata ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana. Shanya jariri ba gyara ba ne. Wanda bai kai wata 6 ba ma ba a son rana ta riƙa dukansa kai tsaye.

Wasu kuma wuce gona da iri suke yi. Kwalabe sun bambanta: wata ɗigo ɗaya ne yunit 400, wata sai an cika mililita guda. Wanda ya rikita su zai iya ɗura wa jariri ninkin-ba-ninkin, kalsiyam ya taru a jini, a ga amai da taurin bayan gida, har ƙoda ta taɓu. A karanta jikin kwalba, ko a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Bayan yaye ana mantawa da kalsiyam. Yaron da abincinsa hatsi ne zalla, babu madara, zai iya kamuwa ko da yana wuni a rana. Ƙasa da miligiram 300 na kalsiyam kullum haɗari ne ga wanda ya wuce shekara ɗaya.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne jira sai ƙafa ta lanƙwashe. Alamu na riga ta zuwa. Taɓa wuyan hannun yaron, za ka ji ya yi kauri kamar ya kumbura. Shafa ƙirjinsa, za ka ji ƙulli-ƙulli a jere inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi. Maɗiga na jinkirin rufewa, haƙori da tafiya su makara, wani jaririn ma jijjiga ce farkon abin da za a gani. Ɗan lanƙwasar ƙafa kafin shekara 2 sau da yawa ba cuta ba ce, gwajin jini da hoton ƙashi ne ke rabewa. Idan an tabbatar, likita kan rubuta bitamin D mai ƙarfi tare da kalsiyam na aƙalla sati 12. Wanda bai samu sauƙi ba sai a binciki ƙoda da hanta, da kuma nau'in da ake gada, wanda jiki ke zubar da fosfet ta fitsari.