Rigar shiga teku lokacin sanyi a Ingila

'Yan'uwa masu hawa igiyar teku a Newquay, garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, ku kula: a watan Fabrairu ruwan yakan sauka zuwa digiri 9 ko 10. Rigar roba mai kaurin milimita 3/2 (wato milimita 3 a gangar jiki, 2 a hannuwa da ƙafafu) ta lokacin zafi ce. Ku nemi 5/4 mai haɗe da hula.

Amma kauri kaɗai bai isa ba. Sai ta kama jiki sosai, musamman a wuya da wuyan hannu. In ta yi sako-sako, ruwan sanyi zai yi ta kwararowa ciki yana korar wanda jiki ya riga ya ɗumama. Don Allah a gwada kafin a biya.

Takalmin roba da safar hannu ma dole ne, domin yatsu ke fara sandarewa. A ajiye shayi mai zafi a filas cikin mota.