Yadda zaka kalli hoton Hector Pieterson har ya yi maka magana

Jama'a yanzu mun saba da ganin gawa a waya, ka ɗan tsaya ka ce innalillahi sai yatsa ya ja sama ka wuce, wallahi abin nan yana damuna sosai. Shiyasa nake so mu ɗau hoto guda ɗaya tak mu koyi yadda ake kallonsa. Ka shiga intanet ka rubuta Hector Pieterson, zai fito maka, baƙi da fari ne, an ɗauke shi a Soweto ta Afirka ta Kudu ranar 16 ga Yuni 1976 lokacin mulkin wariyar launin fata.

Kafin komai ka fara sanin me ya fito da mutane titi, don in baka san wannan ba to jini kawai zaka gani. Gwamnatin Turawa tsiraru ce ta ce dole a koyar da yaran baƙar fata wasu darussa da harshen Afirkans, harshen masu danne su, harshen da yawancin yaran basa ji sosai, sai dubban ɗalibai suka fito zanga-zanga da kayan makarantarsu a jiki, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hector, ɗaya daga cikin yaran da aka harba, shekararsa 12.

To yanzu ka buɗe hoton, amma dan Allah kar ka fara da yaron da aka harba. Nasan ido can zai tafi, ka danne shi tukuna. Fara da masu rai. Dubi saurayin da ya sungumo shi yana gudu, Mbuyisa Makhubo, ɗan shekara 18, kalli yadda fuskarsa ta yamutse kamar mai son yin kuka amma babu lokacin kukan. Sannan ka koma kan yarinyar dake gefensa da yunifom, Antoinette, yayar Hector ce. Bakinta a buɗe, ta ɗaga hannu ta ware tafi kamar mai cewa a tsaya, a tsaya haka nan. Ni dai wannan hannun shi yafi tsaya min a rai, na daɗe ina kallonsa, duk wanda ya taɓa ganin uwa ko yaya ta samu mummunan labari ya san wannan hannun, babu buƙatar a fassara maka. Sai bayan ka gama da su biyun sannan ka sauke ido kan Hector, kansa ya langaɓe, jikinsa ya saki gaba ɗaya a hannun wani. A nan zaka ji nauyinsa, saboda ka riga kaga abin da nauyin yayi wa fuskar mai ɗauke da shi.

Abu na gaba, ka nemi abin da babu a ciki. Babu ɗan sanda, babu bindiga, babu Bature ko ɗaya, amma kowa ya kalla ya san akwai wanda ya harba. Gurbin nan da aka bari zuciyarka ce take cike shi, kuma inaga shiyasa hoton yafi ƙarfin dubban hotunan hayaƙi da motoci masu ci da wuta. Ka kuma lura gudu suke, ƙafafu a ɗage, wato a wannan daƙiƙar basu fidda rai ba, neman taimako suke. Kai mai kallo ka san ƙarshen, su basu sani ba tukuna. An saka Hector a motar 'yan jarida aka kai shi asibiti, can aka tabbatar rai yayi halinsa.

Sannan ka tambayi kanka waye a bayan kyamara. Sam Nzima ne, mai ɗaukar hoto na jaridar The World, shima baƙar fata, ba baƙo bane da ya zo kallo. Hoto shida ya ɗauka, ya cire fim ɗin ya cusa a safarsa don kar 'yan sanda su ƙwace. Bayan an buga sai suka taso shi a gaba har ya bar aikin ya koma garinsu Lillydale, aka yi masa ɗaurin talala a gida, jaridar ma an haramta ta a 1977. Sai a 1998 ya samu haƙƙin mallakar hotonsa, ya rasu a 2018. In zaka tura hoton a Facebook ko WhatsApp to ka rubuta sunansa, ka rubuta sunayen mutum ukun nan da rana da wuri, kar ka yanke shi, kar ka manna masa labarin wani rikici daban kamar yadda wasu keyi don tada hankali.

Kuma kar ka manta hoton labarin mutum uku kawai yake bayarwa. Waɗanda suka mutu a tarzomar ana yawan cewa 176, wasu na cewa sun kai 700. Akwai wani yaro Hastings Ndlovu da ake ganin shi aka fara harbi ranar, amma tunda ba hotonsa ne ya zagaya duniya ba mutane kaɗan suka san sunansa. Ranar 16 ga Yuni ɗin nan da ake kira ranar yaran Afirka tun 1991, daga nan ta samo asali.

In ka gama ka sake komawa kan fuskar Mbuyisa. Saboda hoton nan 'yan sanda suka matsa masa lamba har ya tsere daga ƙasar, wasiƙar ƙarshe da mahaifiyarsa ta samu daga gare shi daga Najeriya ta fito a 1978, kuma har Allah ya karɓi ranta bata sake saka shi a ido ba.