Rage yuriya idan akwai farar kuloba a makiyayarka

Jama'a, ga shawara: in farar kuloba (wani ɗan tsiro mai yaɗo da dabbobi ke ci) ta cika makiyayarka, ka rage zuba takin naitirojin irin su yuriya. Kuɗinka kake ƙonawa.

Kuloba dangin wake ce. A saiwarta akwai ƙananan ƙululu masu ɗauke da bakteriya da ke jawo naitirojin daga iska, kyauta. Da ka zuba yuriya da yawa, sai ta koma shan na taki, ƙululun su rage aiki. Abin da ya fi damuna ma shi ne ciyawa: taki na sa ta yi tsawo, ta rufe kuloba da inuwa, ita kuwa ƙasa-ƙasa take yaɗo, sai ta yi ta ƙarewa.

Tono saiwa ɗaya ka fasa ƙululun. In cikinsu ja-ja ne, suna aiki. Ka mai da kuɗin yuriyar kan takin fosfaras da fotash, su kuloba ta fi buƙata, kuma dabbobi su riƙa kiwo kada ciyawa ta yi tsayi.

Amma fa in ƙasa ta yi sanyi sosai, ko kulobar tsilli-tsilli ce, ɗan takin naitirojin kaɗan na iya taimakawa.