Yadda nake turkar shanu a bayan gida

Shekarar da maigidana ya rasu ya bar min gona da marayu huɗu, na sayar da awarwarona da tumaki uku na sayi sa ɗaya. Danginsa suka ce kiwon shanu ba aikin mace ba ne. Yau turke shida ne a bayan ɗakina, kuma daga nan nake ciyar da yarana. 'Yar'uwa, in kina son shiga wannan sana'a, ga yadda nake yi.

Kada ki fara da sayen sa. Fara da abincinsa. Da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyada suke araha, nake tara su in ɗora kan rumfa inda rana da gara ba za su ɓata su ba. In haɗa da karan dawa da kowar wake. Wadda ta jira sai bazara ta sayi harawa ɗauri-ɗauri, ribarta ta riga ta tafi aljihun mai harawa.

Sai kasuwa. Ni Maigatari nake zuwa ranar Alhamis, wani lokaci Wudil ranar Juma'a. Ƙanena yana raka ni, dillali yana cin la'adarsa, amma ni nake zaɓe da idona. Ina neman sa ramamme mai dogon jiki da manyan ƙasusuwa, wanda yunwa ce ta ramar da shi ba cuta ba. Ki duba hancinsa da danshi, idonsa garau, ba ya tari, ba ya ɗingishi, babu kirci a bayansa. Ki sa a buɗe miki bakinsa. In manyan haƙora biyu ne kawai a ƙasa, bai wuce shekara biyu da kaɗan ba, abincin da za ki ba shi girma zai yi da shi maimakon ƙiba. Ga kuma maganar layya: a mazhabarmu ta Malikiyya sai sa ya cika shekara 3, kuma masu saye suna tambaya. A irin shanu, na fi son Bunaji da Bokolo saboda sanyin halinsu. Rahaji yana da kyau a ido, amma dogon ƙahonsa da zafin kansa sun fi ƙarfin gida mai yara. Kada ki baro kasuwa ba tare da takardar shaidar ciniki ba, zamanin satar shanu ne.

Da ya iso gida, ki ɗaure shi nesa da sauran har mako biyu. Ki kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa da na ciwon hanta, ya yi masa allurar rigakafin ciwon huhu, a cire masa kaska.

Nan ne na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Sa na biyu da na saya, don ɗokin in ga ya yi ƙiba, na cika masa kwano da dusa da tsakin masara tun ranar farko. Cikin dare cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga, yana nishi, kafin asuba sai yanka. Na sayar wa mahauta a rabin kuɗi. Tun daga nan, makon farko harawa kawai nake bayarwa da ɗan dusa tafi biyu, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako uku, sannan in shigo da angurya ko ƙuli-ƙuli. Kanwa kaɗan a ruwan sha. Ruwan kuwa kada ki yi masa rowa, da zafin bazara sa guda yana iya shanye jarka biyu ta lita 20 a wuni.

Ki yi masa rumfa, ki share turken kowace safiya. Kashin nake tarawa a kai gona kafin damina, shi ya sa buhun takin zamani da nake saye ya ragu.

Kwana 90 zuwa 120 sun isa. Bayan haka ci kawai yake, naman da yake ƙarawa bai kai kuɗin abincin ba. Don haka nake ƙirga wata huɗu baya daga Babbar Sallah in saya. In an yi masa allura kusa da sayarwa, ki tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a ci naman, mutane ne za su ci da 'ya'yansu. Ranar da aka biya ni, kafin in taɓa ko naira ɗaya, nake ware kuɗin sa na gaba da na harawar kaka.