Yadda Ake Bin Koken Gida Mai Aibi a Ma'aikatun Gwamnati a Maradi

Damina ce ke tona asirin magini. Gidan da ke ƙyalli da fenti a watan Maris, da ruwan Agusta ya sauka sai a ga bango ya dare, dal, wato rufin ɗaki na kankare, tana yoyo, daɓen ɗaki ya lotsa. Mutanen Maradi sun ga haka da idonsu a ƙarshen Agustan 2024, sa'ad da ruwa ya kayar da gidaje masu yawa a birnin. Mai gida ya kira ɗan kwangila a ce masa gobe, ya je meri, wato ofishin magajin gari, a ce shugaban sashe ya fita. Abin da ya fi kashe irin wannan koke shi ne an kai shi da baki. A ma'aikata, maganar da ba ta da lamba da hatimi ba ta shigo ba tukuna.

Abu na farko, kada ka yi gaggawar gyara. Da zarar ka sa an lafta siminti a kan tsaga, ka binne hujjarka da hannunka, ɗan kwangila kuma ya sami abin cewa wani ne ya taɓa aikinsa. Ɗauki hoton kowace tsaga sau biyu: ɗaya daga nesa yadda za a gane ɗakin, ɗaya daf da ita da ma'aunin awo a gefe. Sannan ka kwaɓa filasta, ka manna ɗan faci mai kaurin kamar milimita 5 a gicciye kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a jikin bango. In facin ya fashe bayan mako biyu ko uku, ginin yana motsi har yanzu.

Ba kowace tsaga ce abin ƙara ba. Siririya kamar gashi a kan shafe yawanci ta bushewa ce. Wadda ta haura milimita 2, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta taso daga kusurwar taga a karkace, ko ake ganinta ciki da waje, wannan maganar tushe ce ko rashin ɗaurin ƙarfe. Kankaren ginshiƙi da dal ana son kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7. Inda aka rage, za ka ga kankare yana marmashewa in ka kankare shi da ƙusa. In kuma tsatsa tana fitowa a ƙasan dal, ƙarfen bai sami rufin kankare isasshe ba, kuma yana kumbura yana tsaga ta daga ciki.

Daga nan sai ka nemi wisiye, jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani da ido. Takardarsa, wadda ake kira konsta, ta fi hotunan salularka nauyi nesa ba kusa ba. Ka tambayi kuɗin aikin kafin ya taso, ka karɓi rasit. Shi dai aikinsa ya ce ga tsaga, ga tsawonta, ga inda take. Faɗin dalilinta aikin injiniya ne.

Yanzu ka tantance wanda alhakin yake wuyansa, domin kowane da dokarsa. In kwangila ka ba da a kan farashi yankakke, sashe na 1792 na kundin dokar farar hula ya ɗora wa ɗan kwangila da mai zanen gini alhaki har shekara 10 idan ginin ya lalace, duka ko wani ɓangare, saboda aibin aiki ko na ƙasar wurin. In saye ka yi, sashe na 1641 ya yi magana kan ɓoyayyen aibi, amma wa'adin kai ƙara gajere ne, don haka kada ka zauna jiran alkawari. In haya kake, manyan gyare-gyare na mai gida ne. Sai dai kada ka tsayar da biyan haya da kanka, don sai ƙarar ta juyo kanka. Tara kwangila, lissafin kayan aiki, rasitan biya, saƙonnin WhatsApp, takardar fili da izinin gini. Wanda ya yi gini ba izini ya fara daidaita wannan, tun da shi ne abin da za a fara tambayarsa.

Kafin ka taka ma'aikata, aika wa mai laifin gargaɗi a rubuce ta hannun wisiye: ga aibin, ga gyaran da ake nema, ga wa'adin kwana 8 ko 15.

Sai meri. Maradi tana da gundumomi uku, ka fara da wadda gidanka yake cikinta, ka nemi sashen fasaha mai kula da gine-gine. Ka kuma kai kwafi ofishin jiha na ma'aikatar tsara birane da gidaje. A nan mutane da yawa suke ɓata watanni, don suna neman abin da ba ya hannun waɗannan ofisoshi. Ba su da ikon tilasta wa ɗan kwangila ya biya ka diyya. Wannan na alƙali ne. Abin da za su iya shi ne su turo ma'aikaci ya duba, su rubuta rahoto, su ce ko aikin ya bi izinin da aka bayar, su ɗauki mataki in ginin barazana ne ga maƙwabta. Idan ruwan magudana ko na titi ne ke cin tushen gidanka, wannan kam nasu ne kai tsaye. Saboda haka wasiƙarka ta roƙi abu ɗaya takamaimai: ziyarar gani da ido da rahoto a rubuce.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Sa sunanka, unguwa, lambar fili da ta rukunin filaye, lambar waya, da jerin takardun da ka haɗa. Yi kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, ba hannun wani sananne a farfajiya ba. A buga wa kwafinka hatimi, a sa kwanan wata da lambar rajista. Takardun asali su zauna a gida. In ka koma bayan mako biyu, ga yadda ake tambaya: “Ranka ya daɗe, wasiƙa mai lamba kaza ta ranar kaza, wa aka miƙa wa?” Rubuta sunan sashen da ranar a ɗan littafinka. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, ka tabbatar da muƙamin wanda kake rubuta wa kafin ka buga.

In wata guda ya wuce shiru, aika tunatarwa mai ɗauke da lambar wasiƙar farko, ka ba ofishin gwamna kwafi. Ka tsaya kan kwanan wata da lambobi. Zagi da zargin cin hanci ba tare da hujja ba suna iya jawo maka ƙara.

Sulhu ba ya hana wannan tafiya. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun farar hula, don haka mai unguwa ko fadar Sarkin Katsinan Maradi na iya kiran ku. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, ka nemi takardar zaman da sa hannun kowa. In an yi alkawarin gyara, a rubuta irin aikin, ranar farawa, ranar gamawa da wanda zai sayi kaya.

In duk wannan bai yi ba, sai babbar kotun Maradi. Ana iya roƙon shugabanta, ta hanyar shari'ar gaggawa da ake kira refere, ya naɗa ƙwararre ya binciki ginin a gaban ɓangarorin biyu. Yawanci mai ƙara ke fara ajiye kuɗin ƙwararren, ya nemi a mayar masa in ya yi nasara. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar agajin shari'a da aka kafa a 2011. Ranar binciken ka zo da konsta, hotuna bisa jerin kwanakinsu, da duk wasiƙun nan masu hatimi.

In dal ta fara lanƙwasa, ko ƙofofi sun daina rufuwa, ko ana jin ƙara a bango da dare, a fitar da iyali nan take, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a tokare dal ɗin da sanduna, sannan a kira wisiye ya rubuta halin da aka bar ɗakin.