Darasi na Bakwai: Karanta Jikin Kayan Abinci da Sanin Abin Yi Idan An Janye Kaya Daga Kasuwa

A watan Maris na shekarar 2021, gab da shigowar azumi, asibitocin Kano suka fara karɓar mutane masu amai da jiri, wasunsu har da fitsarin jini. An kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Da aka bi diddigin abin da suka ci da abin da suka sha, sai aka tarar yawancinsu sun sha lemon da ake haɗawa da garin lemo da ɗan tsami. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci ta gwada kayan, ta kuma bayyana cewa abin da aka sayar wa jama'a da sunan ɗan tsami wani sinadari ne mai guba wanda ba na ci ba ne, sannan an samu garin lemon da wa'adinsa ya riga ya ƙare.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a wannan lamari shi ne yadda kayan suka isa hannun masu saye. An fasa buhu a babbar kasuwa, an auna wa 'yan sari, su kuma suka ƙulla a ƙananan ledoji suka kai unguwanni. Ƙullin leda ba ya ɗauke da sunan kamfani, ba ya ɗauke da kwanan wata, ba ya ɗauke da wata lamba. Saboda haka ko bayan hukuma ta gano inda gubar take, babu wata alama da za ta gaya wa uwar gida ta duba domin ta san ko ƙullin da ke cikin kwanonta yana cikin masu cutarwa. Rubutun da ke jikin kwali ko gwangwani shi ne babbar hanyar da ake bi a kamo gurɓataccen kaya bayan ya bar kamfani, kuma wanda ya iya karanta shi ya samu kariyar da mai saye a ƙulle ba shi da ita.

Hukumomin da ke sa ido

An kafa NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da dokar soja a shekarar 1993. Aikinta shi ne ta yi rajistar abincin da aka sarrafa aka rufe a mazubi, da abin sha, da ruwan leda da na gora, da magunguna da sinadarai, ta duba masana'antar da ake yin su, ta kuma hana shigo da marasa kyau ta tashoshin ruwa da iyakoki. Jama'a sun fi sanin hukumar ne a zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, kuma a zamaninta ne aka hana masu gidajen burodi zuba sinadarin buromet, wanda ke kumbura burodi amma yake da haɗari ga ƙoda. Akwai kuma SON, mai tsara ma'aunin ingancin kayayyaki, da FCCPC, wadda ake kai wa ƙorafi idan an cuci mai saye. Mahauta, da gidajen abinci, da masu tuwo-tuwo a tasha kuwa, sa musu ido aikin duba-gari ne na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma a gaskiya a nan ne sa idon ya fi rauni, alhali nan ne talaka ya fi cin abinci.

Abin da ake dubawa kafin a biya kuɗi

Da farko a nemi lambar rajista. Ana rubuta NAFDAC Reg. No. sannan lambobi su biyo baya. Kayan da aka rufe a kwali ko gora ko gwangwani ba tare da wannan lamba ba, hukuma ba ta san da su ba. Sai dai ganin lambar kaɗai bai isa a saki jiki ba, domin masu jabu ma suna buga ta, don haka a haɗa da duba sunan kamfani da cikakken adireshinsa. Kamfanin da ya ɓoye inda yake ba ya son a neme shi.

Sai kwanan wata, kuma yawanci guda biyu ne. Wanda aka sa wa MFD ko PROD a gabansa ranar da aka yi kayan ke nan. Wanda aka sa wa EXP ko BB ko Best Before shi ne wa'adin da kamfani ya ɗauki alhakin ingancin kayan. Idan kun ga EXP 03/2027, lamba ta farko wata ce, wato wata na uku, Maris, ta biyun kuma shekara ce. Wani lokaci ana taƙaita shekarar a rubuta 03/27, ma'anar duk ɗaya ce. A shafa wurin da yatsa. Idan an kankare, ko an manna wata takarda a kai, ko tawadar ta bambanta da sauran rubutun tana kuma gogewa cikin sauƙi, to akwai alamar an sauya kwanan watan. Haka kuma idan aka ga madara ko taliya ko man girki an karya musu farashi fiye da kima, sai a fara duba wa'adi kafin a yi murna, domin araha ba ta ado. Wa'adin kuma yana aiki ne muddin an ajiye kayan yadda ya kamata. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, ba a cin abin da ke cikinsa ko da saura shekara wa'adinsa ya cika, saboda kumburin alama ce ta ƙwayoyin cuta suna aiki a ciki.

Abu na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin wannan darasi. Kusa da kwanan wata akwai wata lamba da ake sa wa Batch No. ko BN ko Lot a gabanta. Wannan ita ce lambar rukuni. Kamfani ba ya yin kayansa duka a rana ɗaya, yana yin su ne rukuni-rukuni, kamar yadda mai ƙosai ke tuya kasko bayan kasko, kuma kowane rukuni da lambarsa. Idan matsala ta auku, sau da yawa rukuni ɗaya ko biyu ta shafa, kuma da wannan lamba ake ware su daga sauran.

Yadda ake janye kaya

Janye kaya shi ne hukuma ko kamfani su sanar cewa a daina sayarwa da amfani da wani kaya, a kuma mayar da wanda ya rage. A watan Afrilu na 2024 NAFDAC ta janye rukuni mai lamba 329304 na maganin tarin yara na Benylin, bayan ta ce gwajinta ya nuna akwai wani sinadari mai lalata ƙoda a ciki, kuma wasu ƙasashen Afirka, irin su Kenya da Ruwanda, suka bi sahu. Magani ne ba abinci ba, amma tsarin iri ɗaya ne: sanarwar ta ambaci sunan kaya, da kamfani, da lambar rukuni, da kwanan wata. Hukuma ba ta jira sai an samu gawa kafin ta ɗauki irin wannan mataki, kuma tana da dalili, domin a 2008 irin wannan sinadari da ya shiga maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya.

Wani lokaci gano tushen cutar ne ke ɗaukar lokaci. A Afirka ta Kudu, daga farkon 2017, mutane suka riƙa kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna listeriya, wadda ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai illa. Wannan ƙwaya tana iya hayayyafa ko a cikin firji, kuma mutum yana iya yin makonni bayan ya ci abincin kafin ciwo ya bayyana, lokacin da ya riga ya manta abin da ya ci. Sai a watan Maris na 2018 aka tabbatar cewa daga wani sarrafaffen nama take fitowa, wanda ake yi a wata masana'anta a garin Polokwane. Kafin a shawo kan lamarin mutane fiye da 1,000 sun kamu, fiye da 200 sun mutu.

Idan kun ji sanarwar janye kaya a rediyo, ku ɗauko wanda ke gidanku ku gwada sunan da lambar rukunin. Idan sun yi daidai, a daina amfani da shi nan take, ko da an riga an sha rabi ba a ga komai ba. Kada a ba wa almajiri ko maƙwabci, kada a zuba wa dabbobi, kada kuma a jefar a bola inda yara ko masu tsince-tsince za su ɗauka. A mayar wa wanda ya sayar, ko a kai ofishin NAFDAC na jiha. Mai shago kuma ya sauke kayan daga kanta, ya ware su, ya nemi dilan da ya ba shi, kuma a nan ne zai ga amfanin ajiye rasit. Fasa kwalin a juye a wani mazubi domin kada a yi asara laifi ne a doka, kuma ɗaukar alhakin rayukan mutane ne.

A yi hattara kuma da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp. A 2023 hukumomin Taiwan da Malesiya sun janye wani nau'in taliyar Indomie da aka yi a can Asiya, labari ya iso nan kamar duk taliyar da ke kasuwa guba ce. NAFDAC ta bayyana cewa wannan nau'in ba shi da rajista a Najeriya, ta gwada wadda ake yi a cikin gida, ta ce ba ta samu sinadarin da ake magana a kai ba. Sanarwa ta gaskiya tana zuwa da sunan hukumar da ta fitar da ita da lambar rukuni. Saƙon da ba shi da waɗannan, a tambaya kafin a tura wa wani.

Abincin da ake aunawa a kwano

Yawancin abin da muke ci ba shi da kwali balle lamba. Wake, da masara, da gyaɗa, da busasshen kifi, a mudu ko a tiya ake sayensu, kuma babu hukumar da za ta iya janye su, don haka nauyin yana kan manomi da ɗan kasuwa da mai girki.

Wake ya fi kowanne shiga haɗari saboda ƙwari suna cinsa da sauri, masu ajiya kuma suna yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper kai tsaye. Sinadarin da ke cikin waɗannan an yi shi ne don kashe ƙwari, ba don a zuba a kan abin da za a ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka riƙa samu a ciki ya zarce iyakar da suka yarda da ita nesa ba kusa ba. Waken da Turawa suka ƙi irinsa ne ake dafawa a gidajenmu. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kantuna da kasuwannin yau da kullum. Mai saye ya sansana waken, idan yana warin magani ko yana da wani farin gari a jikinsa ya bar shi. Mai ajiya kuma yana da mafita wadda ba ta buƙatar magani ko kaɗan: buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga. Idan waken ya bushe sosai aka cika mazubin aka ɗaure tam, ƙwarin suna mutuwa saboda rashin iska.

Masara da gyaɗa kuwa fumfuna ce matsalarsu. Idan aka girbe su aka shanya a ƙasa, ko aka zuba a buhu da sauran danshi, fumfuna tana tsirowa ta haifar da wata guba mai suna afulatoksin. Wannan guba ba ta da wari ko ɗanɗanon da za a dogara da shi, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta, saboda haka tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza, tana bin masara har cikin tuwo da koko. Idan ta yi yawa a lokaci ɗaya tana kisa: a 2004 a gabashin Kenya mutane 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masarar da suka noma da kansu, 125 daga cikinsu suka mutu. Idan kuma kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A shanya amfanin gona a kan tamfol ko tabarma har ya bushe ƙarau, a tsince ƙwayoyin da suka canja launi ko suka motse ko ƙwaro ya huda, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Abin da aka tsince kada a ba wa saniyar tatsa, domin gubar tana fita ta cikin nono. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure domin rage wannan guba, kuma malamin gona zai iya nuna yadda ake amfani da shi.

Idan ciwo ya auku

Idan mutum biyu ko fiye suka kama amai ko gudawa ko jiri bayan sun ci abinci ɗaya, a garzaya asibiti, kada a tsaya ɗura musu manja ko madara ko tilasta musu amai, domin idan maganin ƙwari ne hakan yana iya ƙara ɓarna. A tafi da ragowar abincin da kwalin ko ledar da kayan suka zo a ciki, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya inda aka saya da ranar da aka saya. Da irin wannan bayani ne jami'an sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma suke haɗa gida da gida har su gane cewa tushen ɗaya ne.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da mazubin kayan abinci guda biyu daga gidansa, ko gwangwanin tumatir ne, ko ledar madara, ko gorar man girki. Ya kwafe lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, da lambar rukuni na kowanne a littafinsa, ya kuma rubuta sunan watan da wa'adin zai ƙare da Hausa. Wanda ya nemi ɗaya daga cikin ukun bai samu ba, ya kawo mazubin a duba tare a aji.