Kurakuran da Ke Kashe Mana Fawa-bank, Sola da Waya Tun Ba Su Tsufa Ba

Duk wanda ya taɓa zaman awa guda a bencin mai gyaran waya ya san waƙar da ake rerawa a wurin. Mutum zai zo da fawa-bank, ya dire ta a kan tebur, ya ce, "Malam, duba min wannan, jabu aka sayar min." Wani lokacin gaskiyarsa ne, don jabun kaya sun cika kasuwa. Amma sau da yawa in aka bi diddigi sai a tarar ko dai rana ce ta dafa kayan, ko kuma lissafin da mai su ya yi tun a shago ne bai zauna daidai ba. Manomin da ke yini a gona, da masuncin da ke kwana a bakin dam, da ɗan kasuwar da kullum yana kan hanya, duk kurakuransu kusan iri ɗaya ne.

A fara da lambar da ke jikin fawa-bank, don nan ne aka fi yin rigima. Mutum ya sayi mai 10,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), batirin wayarsa kuma 5,000 ne, sai ya ɗauka za ta cika masa waya sau biyu cif. Da ta yi ɗaya da rabi ta mutu, sai ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Wancan 10,000 an auna shi ne a kan ƙarfin batirin da ke cikinta, wato bolt 3.7, alhali wutar da ke fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, sannan wayar ta sake sauke ta. A wannan hawa da sauka wani kaso yana tafiya a matsayin zafi, shi ne ɗumin da kake ji a hannunka. Saboda haka in kana son lissafi mai sauƙi, ɗauki kashi biyu bisa uku na abin da aka rubuta. Mai 20,000 za ta cika irin wannan wayar sau biyu da rabi da ɗan ƙari, kuma ta yi aikinta ke nan.

Jabun na gaskiya nauyi ne ke tona musu asiri. Batir yana da nauyi, ba yadda za a yi da shi. Mai 20,000 ta ƙwarai tana kaiwa gram 350 zuwa 450, kusan nauyin wayoyi biyu a haɗe. In aka miƙo maka wata 'yar sirit mara nauyi an rubuta mata 50,000, mayar masa da kayansa. Sai dai kuma nauyin kaɗai bai isa shaida ba, tunda an sha fasa wasu a tarar da ƙunshin yashi a inda ya kamata batir ya zauna. Duba bayanta: kamfanin da ya san abin da yake yi yakan rubuta ƙarfinta da Wh, wato wat nawa za ta iya bayarwa na tsawon awa ɗaya, ya kuma rubuta ainihin abin da za ta iya fitarwa. Haka zancen yake ga batirin tocila mai caji, ɗin nan mai kama da ɗan yatsa da ake kira 18650. Na ƙwarai ba ya wuce wajen 3,500 mAh. Wanda aka buga wa 9,900 a jiki, lambar ce kawai, kuma shi ne ke mutuwa tun kafin mai gadi ya gama zagayen farko.

Akwai wata fawa-bank da na daɗe ina jin haushinta, mai ɗan farantin sola manne a bayanta. Tana da kyan gani, kuma mai sayarwa zai ce maka ka rabu da NEPA. Wannan ɗan farantin da ƙyar yake ba da wat ɗaya. Ko a tsakiyar bazara, abin da zai tara a yini bai wuce wajen Wh 5 ba, ita kuwa mai 20,000 tana ɗaukar Wh 74. Yi lissafin da kanka, mako biyu ke nan tana shanye a rana. Kuma shanyar ita ce ajalinta, domin batirin yana manne da farantin, rana tana gasa su tare. Mai son caji a daji ya sayi faranti daban mai wat 20 ko fiye, mai doguwar igiya, ya bar farantin a rana, ya sa waya ko fawa-bank a inuwa.

Zafi dai shi ne babban makashin batirin zamani, kuma mu a nan muna da shi har da na sayarwa. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 60. Amma za ka ga direba ya kwantar da waya a gaban gilashi tana caji, taswira a kunne, rana na dukanta. Za ka ga an cusa waya ƙarƙashin matashi da dare tana caji. Ɗan acaɓa ma ya jefa fawa-bank a akwatin da ke kusa da inji. Gyaran ba ya cin ko kwabo: inuwa, a cire rigar wayar in ta ɗau zafi, a daina kallon bidiyo tana kan caji. In batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, kwanansa ya ƙare. Kada a danne shi, kada a soke shi da allura wai a fitar da iska, kamar yadda na taɓa gani wani yaro yana shirin yi. Yana iya kamawa da wuta nan take.

Wata al'ada kuma mun gaje ta ne daga zamanin tsofaffin batura: wai sabuwar waya sai ta yi awa 8 a caji, wai kuma a bari ta mutu murus kafin a jona. Batirin lithium bai san wannan ba. Ya fi son a riƙa ɗan ƙara masa, ya zauna tsakanin kashi 20 da 80. Na san mai samun wuta awa biyu a rana zai yi dariyar wannan shawara, kuma yana da hujja, in wuta ta zo cika ta. Abin da za a kiyaye shi ne barinta a sifili kwana da kwanaki. Fitilar caji ko rediyon da za a ajiye har wata damina, a bar shi da rabin caji, a riƙa waiwayarsa duk bayan wata biyu ko uku. Mai amfani da batirin zubarwa kuma a cire masa su, don in sun daɗe sukan yi yoyo su cinye ƙarfen ciki.

Sai ƙaramar sola ta gida ko ta gona, inda kuɗi suka fi salwanta. Kuskuren farko, a jona faranti kai tsaye da batir ba kwantirola, wato na'urar da ke shiga tsakaninsu tana daidaita caji. Farantin da ake ce wa na bolt 12 yana fitar da wajen 18, har ya haura 20 in ba kaya a kansa, kuma ba shi da hankalin tsayawa in batir ya cika. Zai yi ta tafasa shi har ruwan ya ƙone. Na biyu, a ɗauko batirin mota. Shi an ƙera shi ne ya yi tsawa ɗaya ya tayar da inji, jan fanka har asuba ba aikinsa ba ne. Na uku shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Batir mai ruwa na bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da Wh 1,200, amma rabi kawai ya kamata a taɓa, wato 600. In fanka da talabijin da ƙwayaye suna jan wat 150, awa huɗu ke nan. Farantin wat 100 kuwa abin da yake tarawa a yini bai fi wajen Wh 400 ba. Ka ga kullum ana cin 600 ana mayar da 400, batir bai taɓa ƙoshi ba, bayan 'yan watanni ya daina riƙe caji, a ce kamfani ne. Ko a ƙara faranti, ko a rage kaya. In ruwan batir ya ja baya, tataccen ruwan batir ake zubawa. Ruwan rijiya da na leda suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata shi.

Wurin ɗora farantin ma akwai magana. A ƙasarmu kudu ya kamata ya kalla, da ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15, Kano ai tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Gane kudu ba wuya, fuskanci gabas, kudu tana hannunka na dama. Kada a raina inuwar reshen darbejiya ɗaya ko ta tankin ruwa. Ƙananan gidajen da ke jikin farantin a haɗe suke a jere kamar sarƙa, in inuwa ta rufe kaɗan sai ta ja sauran ƙasa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke yin aikin inuwar. A goge da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko bayan la'asar, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashi da tsakar rana.

Masu zuwa Yankari su tsunduma cikin Wikki da waya a hannu don ɗaukar hoto, su ma ga nasu. Alamar IP67 tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma wayar za ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30 a ruwa mai tsafta, lokacin tana sabuwa. Robar da ke toshe kafofin tana tsufa, faɗuwa tana buɗe ta, in kuwa mai gyara ya taɓa ɓalle bayan wayar, to ka manta da zancen. In ta sha ruwa, kashe ta, kada ka jona caji, ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Tura ta cikin shinkafa bai fi hakan ba, sai ma ƙurar shinkafar da ke toshe ramin caji.

A daji kuma, da yawa suna zaton in sabis ya ɗauke taswira ta mutu. GPS, wato abin da ke nuna inda kake, daga tauraron ɗan'adam yake sauraro, ba ruwansa da layi. Hoton taswirar ne ke bukatar data, shi kuwa ana iya sauke shi a Google Maps tun daga gida. Abin da ke zuƙe batir a irin wurin shi ne wayar tana ta lalube tana neman sabis ɗin da babu. Sa ta a yanayin jirgi, taswirar za ta ci gaba da nuna inda kake.

Agogon hannu mai auna bugun zuciya yana da daɗi ga mai motsa jiki, amma kada ya zama likita. Wasu masu arha ko a ƙafar kujera ka ɗaura su za su ba ka lamba. Waɗanda ake tallatawa wai suna auna suga ba tare da huda yatsa ba kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2024 cewa kada a dogara da su, ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙe na'urar da aka gwada masa a asibiti.

Maniyyata da masu zuwa Umara, fawa-bank ba ta shiga babbar jakar da ake aunawa, a jakar hannu take tafiya. Ƙa'idar da yawancin jirage ke bi ita ce kada ta wuce Wh 100, wato wajen 27,000 mAh, sama da haka sai da izinin kamfanin jirgin. Mai 30,000 da Alhaji ya saya don zaman Mina ta riga ta haura layin. Wadda rubutun jikinta ya goge ma ana iya karɓe ta a wurin bincike, tunda jami'in ba shi da hanyar sanin ƙarfinta, don haka tun a gida a manna farin salatif a kan lambar kafin gumi da aljihu su cinye ta.